Lasifika Mai Rufa Wa Tsohon Faifai Asiri

A 'yan makonnin nan wasiƙu sun yi ta iso wa wannan fili daga Ikko da Badun da Fatakwal da sauran wurare, kuma ko da yake kowa da irin bakinsa, kuka ɗaya suke yi. Mutum ne ya shafe shekara da shekaru yana tara faya-fayai da kaset-kaset, ran nan Allah ya buɗa masa, ya ɗebi kuɗi masu kauri ya sayo lasifika irin ta ƙasaita. Ya haɗa, ya ɗora faifan da ya fi so duk duniya, sai ga abin da bai taɓa ji ba: huci kamar na kububuwa, da ƙas-ƙas kamar ana suyar gyaɗa, da wani irin kaifi a muryar mawaƙi mai shiga kunne kamar tsinke. Waƙar da a da yakan saurara a 'yar ƙaramar rediyo har barci ya ɗauke shi, yanzu ba ya iya kai ta ƙarshe. Sannu a hankali sai ya daina taɓa Shata da Ɗanƙwairo, ya jingine Rex Lawson da Muhammad Rafi, ya koma juya waɗansu faya-fayai huɗu ko biyar da aka ɗauka da kyau, ba don waƙoƙinsu sun kwanta masa a rai ba, sai don su kaɗai ne lasifikar ta amince da su. Kuɗi sun tafi, waƙoƙin ƙuruciya kuma sun bi bayansu.

In ka kai kuka wurin mai sayarwa, amsarsa a shirye take. Zai ce maka ai lasifikar gaskiya take faɗi, laifin faifanka ne. Rabin maganarsa gaskiya ne. Ɗaya rabin kuwa shi nake so mu duba yau, domin a ganina da yawa daga cikin lasifikun da ake yi wa kirari da cewa suna bayyana kome, ƙarin gishiri suke yi, kuma a daidai wurin da tsohon faifai yake da miki suke barbaɗa gishirin. Wadda ake cewa tana da rufin asiri kuwa, in ta kirki ce, ba wani abu take ɓoye maka ba. Abin da ke cikin faifan shi take ba ka, iyaka dai ba ta ɗora nata laifin a kai.

Bari mu fara da kunne, tun da shi ne alƙali. Sauti karkaɗawar iska ne, ana kuwa auna shi da yawan karkaɗawar da yake yi cikin sakan ɗaya. Kunnen yaro lafiyayye yana ji tun daga wajen 20 har zuwa 20,000, amma ba da ƙarfi ɗaya yake jin su ba. Tun a 1933 waɗansu masu bincike biyu na kamfanin tarho na Bell a Amurka, Fletcher da Munson, suka auna suka nuna cewa kunne ya fi saurin kama sautin da ke tsakanin 2,000 da 5,000. Dalili kuwa shi ne ramin kunne kansa kamar 'yar sarewa yake, tsawonsa wajen santimita biyu da rabi, yana kuwa ƙarfafa sautin da ke kusa da 3,000. A nan kaifin kukan jariri yake, a nan algaita take suka, a nan guɗa take ratsa taro. Ƙarfin sauti da desibel ake auna shi, to, ƙarin desibel 2 ko 3 kacal a wannan yanki ya isa ya mai da murya mai daɗi ta koma kururuwa, alhali kuwa in a can ƙasa aka yi ƙarin, wajen kakkauran sauti, da ƙyar mutum zai damu.

To, ina tsohon faifai yake da miki? Kafin 1925 ba da lantarki ake ɗaukar waƙa ba, mawaƙi ne zai kafa baki a wani babban ƙaho ya yi ta rerawa, abin da ake samu kuwa bai wuce daga wajen 250 zuwa 2,500 ba. Da makirufo ya shigo a wannan shekara sai fili ya buɗe zuwa wajen 6,000. Faifan garmaho mai juyi 78 a minti, wanda kowane gefensa ke ɗaukar wajen minti uku, da wani irin ƙaro mai gautsi ake yin sa, a cuɗa da garin dutse, shi ya sa tun yana sabo yake huci. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da dogon faifai mai juyi 33 da sulusi, a 1958 kuma faifai mai sauti ta hagu da dama ya shiga kasuwa. Kaset kuwa, wanda Philips ya fito da shi a 1963, tun asali don ɗaukar magana aka yi shi, zarensa siriri ne, tafiyarsa santimita 4.76 kawai a sakan. Mai karatu zai lura cewa duk waɗannan abu guda suka haɗa: kakkauran sauti na can ƙasa ya yi ƙaranci, siririn sauti na can sama ya yi ƙaranci, tsakiya ce ta rage. In kuwa ƙasa ta yi rauni, kunne sai ya koma kan sama-saman tsakiyar nan, inda dama ya fi ji.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Idan mawaƙi ya ɗaga murya fiye da abin da makirufo ko zaren ɗauka zai iya, sauti yakan tsage, tsagewar kuwa takan haifi waɗansu sautuka na ƙarya da ke hawa su zauna tsakanin 2,000 da 6,000. Idan allurar ƙarfe ta yi shekaru tana noman faifai, a nan ɓarnar take fitowa. Ko sabon dogon faifai ma, waƙar ƙarshe ta kusa da cibiya ta fi ta farko tsagewa, domin a bakin faifai layin yana gudu ƙarƙashin allura wajen santimita 50 a sakan, a ciki kuwa wajen 20, watau waƙa ɗaya ce aka cusa a wuri mai ƙunci.

Namu na gida kuma da nasu labarin. Ɗakunan ɗaukar waƙa na Ikko ba abin rainawa ba ne. A na EMI ne Paul McCartney ya ɗauki mafi yawan faifansa Band on the Run a 1973, da na'ura mai layi takwas, kuma Decca da Philips su ma sun yi aiki mai kyau a wannan gari. Amma da yawa daga cikin waƙoƙin makaɗanmu ba a irin waɗannan ɗakuna aka ɗauke su ba. A gidan rediyo ne, ko a fada, ko a filin biki, makirufo ɗaya a tsakiya, ga masu kalangu ko kotso sun kewaye shi, ga 'yan amshi, ga maroƙi yana kutsowa da kirari. Daga nan aka juya a kaset, aka juya daga wannan kaset zuwa wancan, kowace juyawa huci na ƙaruwa, siririn sauti na raguwa, har aka zo zamanin da ake matse waƙa a tura ta daga waya zuwa waya. Haka kaset-kaset na tafsiri da wa'azi na shekarun 1980 suke. Waƙoƙin finafinan Indiya na da, irin na Lata Mangeshkar, su kuma matsalarsu dabam ce: goge rututu, da murya siririya a can sama, an haɗa su yadda za su ratsa silima da 'yar rediyo. Ka sa su a lasifika mai kaifi, ko minti goma ba za ka yi ba.

Yanzu mu leƙa cikin akwatin lasifika, mu ga abin da ya sa wata take sokewa wata ba ta yi. Yawancinsu sifika biyu ko uku gare su: babba mai ɗaukar kakkauran sauti da tsakiya, da ƙarama ta sama wadda masu sana'a ke kira tuwita. A ciki akwai wata 'yar na'ura, bari mu kira ta mararraba, ita ke raba musu aiki, ta ce daga nan zuwa ƙasa na babba ne, daga nan zuwa sama na ƙarama. Abin takaici, a mafi yawan lasifiku wannan mararraba tsakanin 2,000 da 3,500 take faɗowa, watau a tsakiyar inda kunne ya fi tsarguwa. A nan babbar sifika ta kai maƙurarta, fatarta ta fara lanƙwashewa tana ƙara nata amon, ƙaramar kuma a nan ne aikin ya fi yi mata nauyi. Sa'an nan ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Sifika mai faɗin inci 6 ko 8, in sauti ya yi sama, takan daina watsa shi ko'ina, ta riƙa harba shi gaba kamar hasken tocila. Tuwita kuwa, da yake faɗinta inci ɗaya ne, tana karɓar aiki sai ta watsa nata kamar fitilar ƙwai. Wanda ya auna daga gaba zai ga kome daidai. Amma sautin da ya tafi gefe ya bugi bango ya dawo, wanda a falo shi ne mafi yawan abin da kunne ke ji, sai ya zo da rami a ƙasan mararraba da tudu a samanta. Wannan tudu shi ne tsinken da ake kuka da shi.

Wani masani mai suna Floyd Toole ya yi shekaru yana bincike a kan wannan a Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Kanada da ke Ottawa, kafin ya koma kamfanin Harman a 1991. Yakan ɓoye lasifiku a bayan labule, mai saurare bai san suna ko kuɗi ko kyaun katako ba, a daidaita ƙarfinsu, a ce ya zaɓa. Abin da ya fito shi ne, ƙwararru da 'yan koyo kusan bakinsu ɗaya: sun fi son wadda sautinta ya miƙe sumul daga gaba, ba tudu ba kwari, wadda kuma sautin gefenta yake sauka a hankali ba tare da tsalle ba, ga kakkauran sauti isasshe. Irin wannan lasifika, in ka sa ta a ɗaki, ƙasa takan ɗan rinjayi sama. Ka ga ashe siffar lasifika mai gaskiya da ta mai rufin asiri ba su yi nisa da juna ba.

Kishiyarta kuwa, ga Yamaha NS-10, 'yar baƙar lasifika mai farar fata da ta fito a 1978. Ta cika ɗakunan ɗaukar waƙa na duniya har aka daina yin ta a 2001, domin tana turo tsakiyar sauti gaba, ba ta jin kunyar kowa, har injiniyoyi sukan liƙa siririyar takarda a kan tuwitarta don kunnensu ya huta. Ga mai haɗa waƙa wannan makami ne, yana so ya ga laifi tun kafin faifai ya fita. Kai kuwa da ka dawo daga aiki kana son ka ji kuntigin Ɗan Maraya, me ya haɗa ka da makamin likita? Ina faɗin haka ne domin 'yan kasuwa sun iya amfani da kalmar nan ta "irin ta ƙwararru", mutane kuma suna faɗawa.

Af, kafin in wuce. Za ka ji ana cewa tuwita ta ƙarfe kaifi gare ta, ta yadi kuma taushi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki game da waɗansu na shekarun 1980, amma kada ka ɗauke shi doka. Na ji ta alminiyam mai laushi, na kuma ji ta yadi mai cizo. Yadda maƙeri ya saita ƙarfinta da inda ya sa mararraba sun fi abin da aka ƙera ta da shi muhimmanci nesa ba kusa ba.

In aka tambaye ni ina mai tsofaffin faya-fayai zai fara dubawa, sai in ce ya fara da zuriyar BBC. Wannan ma'aikata, wadda masu karatu suka fi sani ta Sashenta na Hausa, a da tana da sashen bincike a Kingswood Warren, kudu da Landan, kuma a shekarun 1960 da 1970 injiniyoyinsa sun duƙufa a kan lasifika. Suna da wata dama da sauran maƙera ba su da ita: za su iya tsayawa gaban mai karanta labarai su ji muryarsa ta ainihi, su taka 'yan ƙafafu zuwa ɗaki na gaba su ji ta a lasifika. Saboda haka murya suka sa a gaba, murya kuwa a tsakiya take, inda tsohon faifai ya ajiye dukiyarsa. Sun bar fatar takarda suka koma ta roba. Akwati kuma, maimakon su yi shi da katako mai kauri, sai suka yi da siririn falanki suka liƙa masa kwalta a ciki, don amon akwatin ya sauka ƙasa ya bar wurin murya, ya kuma mutu da wuri. Ɗaya daga cikinsu, Spencer Hughes, ya kafa kamfanin Spendor a 1969 da lasifikarsa BC1. Wani kuma, Dudley Harwood, ya kafa Harbeth a 1977. Dukkansu biyu haɗa sunansu suka yi da na matansu, Dorothy da Elizabeth, suka raɗa wa kamfanin. Ka ji maza.

Mafi shahara a zuriyar ita ce LS3/5a ta 1975, 'yar ƙarama da aka yi don motocin ɗaukar shirye-shirye a waje, da sifikun kamfanin KEF, aka kuma ba Rogers da Chartwell da Spendor da waɗansu izinin ƙera ta. Har yau akwai masu yin ta a Ingila. Murya a cikinta abin mamaki ce. Amma ni ba ita zan fara nuna wa mai babban falo ba. Cikinta bai wuce lita biyar ba, wat ɗaya yana ba ta wajen desibel 83 ne kawai, kakkauran sauti kuma sai dai ta yi maka alamarsa. 'Yan'uwanta masu sifika inci 8, irin BC1 da jikokinta na Spendor, ko Compact 7 da Super HL5 na Harbeth, su ne ke ba tsohon faifai jikin da ya rasa. Waɗansu daga cikin wannan zuriya suna da ɗan kwari na desibel biyu ko makamancin haka a wajen 2,000 zuwa 4,000, masana kuma suna ta gardama ko da gangan aka yi ko kuwa tsarin ne ya haifar. Kowanne ne dai, amfaninsa a kunne shi ne mawaƙi yakan ja da baya taki ɗaya, ya daina yi maka waƙa a kan hanci. Laifinsu a bayyane yake: ba na biki ba ne. Mai son Fela ya girgiza tagogi har maƙwabta su fito, ya nemi wani gida.

Gidan kuwa mai yiwuwa Tannoy ne. Tun 1947 suke da tsarin nan nasu na dasa tuwita a cikin cibiyar babbar sifika mai inci 12 ko 15, ta yadda sauti duka daga wuri ɗaya yake fitowa, matsalar tocila da fitila kuma ta ragu ƙwarai. Decca ta yi amfani da su a ɗakunanta, haka ma ɗakuna da yawa na Ingila, saboda haka faya-fayai masu yawa na wancan zamani a kan Tannoy aka auna su tun farko. Ba su cin wat da yawa, ganga tana fitowa da faɗinta, kalangu yana magana. Sai dai tuwitarsu ta cikin ƙaho take fitowa, akwai kunnuwan da ba su jituwa da haka. Sauƙin abin shi ne, tun daga samfurin Monitor Gold na 1967 akan sa musu maɓalli biyu, ɗaya na rage ƙarfin siririn sauti, ɗaya na sassauto da can ƙololuwarsa. Masu ƙaho gaba ɗaya kuwa, irin Klipschorn da Paul Klipsch ya fara yi a 1946, wat ɗaya yana ba su wajen desibel 105, abin da ƙaramar BBC za ta nemi wat fiye da ɗari kafin ta kai. Suna da rai, amma ko hucin amfilifaya ba su bari, balle na kaset. A saurara da kyau kafin a biya.

Quad ta 1957, wadda Peter Walker ya ƙera, ba ta da akwati ba ta da fata, wata siririyar leda ce tsakanin faranti biyu masu ɗauke da lantarki. Tana koya mana darasi guda mai amfani. Ƙas ɗin da karce ke yi a faifai abu ne na ƙiftawar ido, lasifika mai amo ce ke ja masa wutsiya har ya dame ka. A Quad yana zuwa ya wuce, waƙa ta ci gaba, alhali ba wadda ta fi ta bayyana murya. Ina sha'awarta, amma ba na ba kowa shawarar ta a ƙasar nan. Ƙurar hunturu tana manne mata, laimar Ikko da Fatakwal tana sa ta tartsatsi, sai an jona ta da wuta kullum, in kuma aka matsa mata ƙara sai ta ƙone. Daga Amurka akwai Vandersteen samfuri na 2, wanda ake yi tun 1977, daga Ingila kuma Wharfedale ta farfaɗo da Linton a 2019 a kan kuɗin da bai kai na sauran ba. Duka biyu sun cancanci a ba su kunne.

Akwai tarkon da ya kamata in nuna. Wani in ya ji ana maganar rufin asiri sai ya je ya nemo lasifika mai dusasshen sauti, kamar an lulluɓe ta da bargo. Wannan ba magani ba ne. Yanke abin da ke sama da 10,000 yana rage huci kaɗan, amma kururuwar tana can ƙasa wajen 3,000, ba abin da ya taɓa ta. Sai ka tashi da sauti mai duhu kuma mai cizo, ga kuma faifanka mai kyau ya zama kamar daga ƙarƙashin gado ake kaɗa shi. Laifin da aka gina a jikin lasifika kullum yana nan, kowane faifai sai ya biya haraji.

Shi ya sa nake ganin rabin maganin a amfilifaya yake. Tun daga ƙarshen shekarun 1970 waɗansu maƙeran kayan ƙasaita suka fara cire maɓallan gyaran sauti, wai suna gurɓata shi. Ga mai sababbin faya-fayai wannan ba kome, ga mu kuwa kamar a sayar maka da mota ba birki ne. Tsarin da Peter Baxandall ya bayyana a 1952 har yau yana aiki. Na'urar Quad 33 ta 1967 tana da matata mai yanke sauti daga 5,000 ko 7,000 ko 10,000, daidai da lalacewar faifai, waɗanda suka biyo bayanta kuma, 44 da 34, suna da maɓallin da ke karkata sauti duka kamar sikeli, ƙasa ta ɗan hau sama ta ɗan sauka. Luxman da Accuphase da McIntosh da Yamaha ba su yar da waɗannan maɓallai ba. Dalilin bukatarsu a fili yake. Sai a 1954 kamfanonin Amurka suka amince da ma'auni ɗaya na yanka faifai, wanda ake kira RIAA, kafin nan kowane kamfani da nasa, saboda haka tsohon faifai a sabuwar na'ura yakan fito da kaifi ko duhun da ba nasa ba ne. Kaset ɗin da aka ɗauka da Dolby, in aka juya shi ba Dolby, dole ya yi kaifi. Sa'an nan ka nemi maɓallin mono, mai haɗa hagu da dama wuri ɗaya. A faifan da aka yanka kafin zuwan sauti biyu, waƙa gefe da gefe take kaɗa allura, yawancin datti kuwa sama da ƙasa, to, danna maɓallin nan kaɗai yana kashe kaso mai yawa na ƙas-ƙas ba tare da ya taɓa waƙar ba. Faifan 78 kuma allurarsa dabam ce, ta fi ta dogon faifai kauri wajen sau uku. Ka sa masa siririya sai ta nutse gindin layi ta yi ta kwaso datti, ka zo kana zagin lasifika.

Ɗaki shi ma yana da nasa alhakin. Waɗannan lasifiku a ƙasashen da ake shimfiɗa kafet bango zuwa bango aka saita su. Mu kuwa falonmu siminti ne da tayil da gilashi, ko'ina sauti ya buga sai ya dawo da ƙarfinsa. Tsaya tsakiyar falo ka tafa sau ɗaya, in ka ji wata 'yar ƙara tana bin tafin, to, ɗakin ma yana cikin masu laifi. Darduma mai kauri tsakaninka da lasifika, da labule mai nauyi, da kantar littattafai a bangon gefe, za su yi maka abin da wayar miliyan ba za ta yi ba. Kada ka saita tuwita tana kallon kunnenka kai tsaye, ka bar ta ta ɗan kauce, ka bar mata yadin fuskarta, in sauti ya yi rama kuma ka ɗan matsa da akwatin kusa da bangon baya.

Ranar saye, kada ka yarda a gwada maka da faifan kanti. An zaɓe shi ne don ba lasifikar da zai kunyata. Tafi da naka guda huɗu ko biyar, a ciki har da mafi lalacewa daga cikin waɗanda ba ka iya rabuwa da su, da ɗaya mai kyau ƙwarai don ka tabbata ba bargo ake sayar maka ba, da ɗaya na magana zalla, muryar da ka sani. Harshenmu ma ya ba mu ma'auni: saurari yadda "s" da "sh" da "ts" suke fita. In kowace "ts" tana tsartuwa kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi, tashi ka ba su wuri. Ka saurara da ƙarfin da kake ji a gida, in kuma ana gwada biyu ka tabbata ƙarfinsu ɗaya, domin wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke ba gaskiya. Kuma ka zauna, kada ka yi gaggawa. Lasifika mai kaifi a minti biyar na farko take cin kasuwa, gajiyar da take kawowa sai bayan rabin sa'a take bayyana. In ka ga hannunka yana kai wa maɓalli don ka rage, ka sami amsa. In kuwa faifai ya ƙare ka ji kana laluben wani, ita ce. Mai sayarwar da zai yarda ka kai gida ka kwana biyu da ita, ko da za ka ajiye kuɗi, ya fi wanda zai rage maka farashi.

Da yawa daga cikinmu na hannu za su saya, a Alaba ko a wurin masu shigo da kayan gwanjo, ba kuwa laifi, don yawancin waɗanda na ambata sun fi samuwa a haka. Sai dai a buɗe ido. Duba zoben da ke riƙe da fatar sifika: in na soso ne, bayan shekara goma sha biyar ko ashirin yakan ruɓe, a wuri mai laima ma ba ya kai haka, ana kuwa iya sake shi. Kara kunne a kowace tuwita ka ji tana aiki, ka kuma duba ko biyun iri ɗaya ne, domin sau da yawa ta asali ta ƙone an dasa wata mai arha, wannan kuwa ya rushe duk abin da ka zo saye. Tura fatar babbar sifika a hankali da yatsu, in ka ji tana gurzar wani abu a ciki, an taɓa ƙona ta. Irin na BBC bibbiyu ake daidaita su tun daga masana'anta, saboda haka lambobin bayansu su zo ɗaya ko a jere. Amfilifaya kuma a karanta bayanta kafin a jona: ta Amurka wutar 120 take ci, ta cikin gidan Japan 100, tamu kuwa 230 ce. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba allura da yadda ake wanke faifai.